Kare Na Huɗu

Ruwan yana cikin tafin hannun Ladan Sha'aban, amma ya ƙi isa bakinsa. Sau uku yana ɗagowa, sau uku wuyansa yana ƙagewa, kansa ya fizge baya kamar an ja shi da igiya, ruwan ya tsiyaye ta tsakanin yatsu ya jiƙa masa wando. Tsofaffin da kan riga kowa zuwa azahar suna tsugune a gindin darbejiyar masallaci, kowa ya duƙufa kan butarsa kamar bai gani ba. Kabo, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, shi ne ya ajiye tasa butar ya zuba masa ido.

"Ladan, lafiya kuwa?"

"Maƙogwaro ne," in ji Sha'aban. Muryar duk ta dushe. "Kwana biyu ke nan. Zai wuce."

Ya sa ƙafa ya ture butar can nesa, sai ka ce wani abu ne zai fito daga cikinta. Ya miƙe ya dafa bangon masallaci da tafukansa biyu, ya shafa fuska, ya shafa hannuwa. Abbas yana tsaye a bakin ƙofa, saurayin nan da ya dawo daga karatu a Katsina da ɗangalallen wando da littattafai cikin leda.

"Taimama, Baba Ladan? Ga ruwa a gabanka?"

Kabo kuwa ba taimamar ce ta dame shi ba. Sa'ad da tafukan nan suke manne da bango ya hango tabo biyu a gindin babban yatsan hannun dama, ƙanana, sun warke har sun yi baƙi. Wanda bai sani ba zai ce ƙaya ce. Amma Kabo ya yi shekara arba'in yana farauta da karnuka, daga dazukan bayan Baure har cikin ƙasar Nijar, ya san faɗin da ke tsakanin fiƙar kare da 'yar'uwarta. Kuma ya taɓa ganin mutum yana tsoron ruwa, sau ɗaya a rayuwarsa, wani abokin farautarsa a wani ƙauye bayan iyaka. Kwana huɗu mutumin ya yi.

Ladan ya shiga ya kunna lasifika. Ya yi kabbara, ya yi shahada, da ya zo kiran mutane su taho ga salla sai muryar ta tsinke, aka ji wani irin shaƙuwa ta cika gari. Abbas ya karɓi lasifikar ya ƙarasa. Ya daɗe yana son riƙe ta, shi da abokansa, wannan ba wanda bai sani ba a garin Tsamiyar Kwari.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya faɗo wa Kabo a rai a sahu.

Shekara biyu da suka wuce ɓarayi suka haura gidan Ladan suka kwance masa raguna biyu da ya turke don layya. Kwana uku bayan haka ya leƙo ta kan katanga, ya duba hagu ya duba dama, ya tambayi Kabo ko karyarsa ta haihu. Ta haihu. Ba ta ƙofa aka kai ɗan kwikwiyon ba. Ta kan katangar Kabo ya miƙa shi, cikin tsohon buhun taki, domin Ladan da bakinsa ya sha gaya wa mutane bayan salla cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Kabo ya ce masa ai malamai sun yi rangwame ga mai tsaron dabbobi da gona.

"Na sani. Na fi ka sani," in ji Ladan. "Amma je ka ka yi wa mutanen garin nan bayanin rangwame."

Karen ya girma a bayan ɗaki, kusa da turken raguna. Ja ne, da baƙi kewaye da idanu, shi ya sa Hadiyya matar Ladan ta sa masa suna Tozali. Kaskonsa daban, wurin kwanansa daban. Kabo kan ji Ladan ta bayan katanga yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, da wata murya da bai taɓa jin ya yi wa 'ya'yansa magana da ita ba. Da rana karen kan fita ta rariya ya yi yawonsa kamar sauran karnukan gari. Rabin gari sun san inda yake kwana, sauran rabin sun yi zato, amma ba wanda ya taɓa faɗa a gaban Ladan. Haka ake zama a ƙauye.

Ƙarshen daminar bara, gero ya sunkuya ba a fara yanka ba, sai ga ma'aikatan dabbobi a kan babura biyu, da kula mai ƙanƙara ɗaure a baya. Babbansu wani Malam Badaru ne, siriri mai tabarau. Suka kafa teburi a ƙofar gidan mai gari, daura da masallaci. Badaru ya yi bayani cewa allurar rigakafin haukan kare ce, kyauta, kuma in aka samu kare bakwai cikin goma a kowace shekara, cutar ba ta da wurin zama, sai ta mutu don kanta, mutane su huta. Aka ce madalla. Aka kawo karnuka. Sai dai wa zai riƙe? Kowa ya tattare rigarsa yana tsoron yawu, ga azahar na matsowa. Kabo ne ya cire tasa rigar ya rataye. Ya fara da nasa guda uku, sannan ya bi na jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya matse kai a hammata, ya danne ƙugu da gwiwa, Badaru ya soka, ya ɗaura jar igiyar roba a wuya, ya rubuta sunan mai kare a littafi. Wannan rubuta sunan, da ƙarfi Badaru yake tambaya, don hayaniya.

Ana cikin haka Ladan ya fito zai shiga masallaci, Liman yana gefensa. Sai ga Tozali daga lungu, yana kaɗa wutsiya, ya zo ya kwanta daidai ƙafarsa.

"Wannan fa?" in ji Badaru. "Na waye?"

Da Kabo ya yi shiru ya kama karen ya ce nasa ne, da shi ke nan. Amma ranar ransa fari ne, gumi yana zuba, mutane suna kallonsa suna yaba ƙarfinsa, shi da ba a saba yabo ba. Kuma shi da Ladan tun suna yara suke zolayar juna. Sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ladan, ga autanka ya biyo ka. Kawo shi a yi masa, ko kai ma ka miƙo hannu a haɗa ku."

Aka kwashe da dariya. Abbas da abokansa suka fi kowa. Liman ya juyo ya dubi Ladan, ya dubi karen.

"Ba nawa ba ne," in ji Sha'aban. "Ni ina ni ina kare?"

Ya sunkuya ya ɗauki hoge ya jefe shi a haƙarƙari. Karen ya yi ƙara, ya tsaya yana kallonsa kamar bai gane ba, sai da aka ƙara masa na biyu ya zura da gudu. Kabo ya yi dariya tare da kowa. Ya ce a ransa in an jima zai leƙa ta katanga ya karɓo shi a yi masa a ɓoye. In an jima ɗin nan, ƙanƙarar kula ta fara narkewa, akwai ƙauyuka biyu a gaba, su Badaru suka hau babura suka tafi.

To, wannan ne Kabo yake tunawa a sahun azahar. Ana sallamewa ya nufi gida, ya tarar da matarsa Adama tana ɓarar gyaɗa.

"Yaushe rabonki da jin haushin Tozali?"

Ta ɗan yi tunani. "Tun tsakiyar sanyi. Kai ma ai ka tambayi Ladan, ya ce ya bi wasu karnuka ya ɓace."

"Hadiyya fa? Kin ga wani abu a jikinta?"

Adama ta tsayar da hannu. "A lokacin nan ta yi sati biyu tana ɗingishi, da tsumma ɗaure a sha-raɓa. Na tambaye ta, ta ce tsautsayi ne. Me ya faru, Malam?"

"Ɗauko mayafinki."

Suka sami Hadiyya a gindin murhu tana dama kunun da mijinta ba zai iya sha ba. Ladan yana ɗaki kwance, an ce ko hasken taga ba ya so. Kabo ya tsaya daga bakin zaure, Adama ta shiga ta tsuguna kusa da ita. Aka gaisa a gajarce.

"Hadiyya, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Abin da ya ciji Ladan a hannu, shi ya kama ki a ƙafa?"

Ta ci gaba da juya ludayi. "Na yi rantsuwa ba zan faɗa ba, Malam Kabo."

"Da me?"

"Da Alƙur'ani. Shi ya ɗora mini hannu a kai."

"To ji nan. Wannan ciwon, in ya riga ya fito, ba boka ba malam ba likita. Amma wanda bai fito masa ba tukuna, akwai allura a Daura, ana yi a tsira. Ke bai fito miki ba. Yau ba gobe ba ce, gobe kuma ba jibi ba ce. Rantsuwa kuwa tana da kaffara, miskini goma ne, ni zan ba da hatsin."

"Ba kaffarar ce ta dame ni ba." Sai yanzu ta ɗago. "Shekara ashirin da tara ina gidan nan. Mutum yana kwance ba ya iya haɗiyar yawunsa, sai ni in fita in tona shi a bakin asibiti? In shi ya ce in je, zan je. In bai ce ba, abin da Allah ya rubuta mini ba ya wuce ni."

Adama ta yi magana, ta yi lallashi, har ta yi faɗa. Hadiyya ta sauke tukunya ta rufe.

Washegari da safe aka sa Ladan a mota aka kai shi asibiti a Daura. Ƙaninsa ya riƙe shi ta gefe ɗaya, Kabo ta ɗaya gefen, an rufe gilasai duk da zafi, don da iska ta taɓa fuskarsa sai ya sanƙare. Likitan bai daɗe yana dubawa ba. Ya sa aka kawo ruwa a kofi, ya ga abin da ya faru, ya sa aka fitar da kofin.

"Baba, kare ya taɓa cizonka? Ko da watanni ne?"

"A'a," in ji Ladan.

Likitan ya dubi hannun, ya dubi Kabo, ya yafito shi waje. Ya ce masa abin da ya riga ya sani. Za su iya ba shi abin da zai rage masa wahala, iyakarta ke nan. Sannan ya ce, "Duk wanda karen nan ya taɓa, ko yakushi ne, ku kawo mini shi yau. Ban ce gobe ba."

Ladan ya ce shi gida za a mai da shi, ba zai mutu a ɗakin da ba nasa ba. Aka yi masa allurar kwantar da jiki aka mai da shi. Kafin su iso, mutanen gari sun gama yanke hukunci. Wasu suka ce aljanin tsohuwar rijiya ne, wasu suka ce jifa ce, saboda lasifika. Aka aiko da rubutu a ƙwarya, aka aiko da tofi a gora. Duk ruwa ne. Ba wanda ya wuce leɓensa.

Kwana na uku, da hantsi, Kabo ya ce kowa ya ba shi wuri. Ya shiga ɗakin ya zauna a ƙasa. An toshe taga da buhu. Ladan yana zaune jingine da bango, hannunsa ɗaya ɗaure da rawani a ƙafar gado, shi da kansa ya roƙi a ɗaure shi. Akwai kwano a gefensa da yake tofa yawu. Abin da ya fi ciwo a wannan cuta shi ne tsakanin tashi da tashi hankalin mutum garau yake, yana ganin komai.

"Ina Tozali, Sha'aban?"

Rabonsa da kiransa da sunansa tun suna samari. Ladan ya juya fuska wajen buhun taga.

"Yana gonata ta gabas. Gindin gawo. Ni na haƙa ramin."

Ya ba da labarin a gutsure, yana tsayawa yana tofi. Wani baƙon kare ne ya biyo burtali, suka yi faɗa, Tozali ya dawo da kunne a yage. Bayan sati uku ya daina cin abinci, yana cizon turke, yana cin ƙasa. Ladan ya kai masa kasko, ya miƙa hannu zai shafa kansa yadda ya saba, sai ya kama. Hadiyya ta fito da taɓarya, ya saki mijin ya kama ta. Da gatari aka ƙarasa.

"Na wanke mana da toka. Na yanki gashinsa na ƙona na barbaɗa a kan ciwon. Kai ka taɓa gaya mini haka kuke yi a daji."

"Haka muke yi," in ji Kabo. "Mun binne wanda muka yi wa."

Wata akuya tana kuka a waje.

"Kai ka tafi, Sha'aban. Ba zan yi maka ƙarya ba, ka fi ƙarfin haka a wurina. Ita ce ba ta tafi ba. Ka warware mata rantsuwar nan a kai ta Daura."

"In ta je za a tambaye ta wane kare."

"Za a tambaya."

"Shekara talatin da ɗaya ina tashin garin nan salla. Ban bar gona mai yawa ba, ban bar shanu ba. Sunan nan kaɗai ne. In mutu a ce Ladan ya ɓoye kare a bayan ɗaki, ya tsaya gaban Liman ya yi ƙarya? 'Yata Rauda tana gidan surukai a Zango. Da wane ido za ta dube su?"

"Kwana bakwai za a yi ana magana a manta."

"Kai baƙo ne a garin nan? Har yau gidan su Kalilu gidan ɓarawon jaki ake ce masa. Kakan nasu ya mutu tun ba a yi kwalta ba."

"Uwar Raudar ce fa muke magana a kanta."

Ladan ya buɗe baki zai amsa, sai abin ya taso masa. Wuyansa ya ƙage, idanu suka firfito, ƙafar gadon tana ƙara. Kabo ya danne masa kafaɗa da gwiwa, yadda ya iya, har ya lafa. Da ya dawo, hawaye ne a fuskarsa, amma bai ce ta je ba.

"Ka ba su dariya ran allurar nan," in ji Ladan.

"Na ba su."

Kabo ya zauna yana kallon tabon nan guda biyu. Ya yi lissafin da mafarauci kan yi in dabba ta shige sarƙaƙiya: ta ina za a ɓullo mata, kuma me za a bari a baya.

"To, nawa ne," ya ce. "Karyata ta haife shi, wannan ba ƙarya ba ce. Karnukana huɗu ne, uku na kai allura, ɗaya na bari. Shi ya haura katanga ya cije ku. Ka rufa mini asiri ne saboda maƙwabtaka. Ni ba ni da lasifikar da za a ƙwace."

Ya faɗa, sannan ya jira. A can cikin ransa yana jiran Sha'aban ya ce a'a. Ya ce haba Kabo, in tafi gaban Allah da wannan? Abin da ya gani shi ne kafaɗun mutumin sun sauka, kamar an sauke masa dami.

"Za ka iya?"

"Kira ta."

Hadiyya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ji komai, ɗakin ba ƙyaure.

"Na warware miki," in ji Ladan, bai dube ta ba. "Ki bi Adama ku je. In an tambaya, karen Kabo ne."

"Malam, daga rantsuwa kuma sai ƙarya?"

"Ba ke za ki faɗa ba," in ji Kabo. "Ni zan faɗa. Ke ƙafa kawai za ki nuna."

Kafin azahar suna cikin mota, ita da Adama. Bayan la'asar Kabo ya miƙe a masallaci ya faɗi abin da ya shirya, a taƙaice, idonsa a kan tabarma. Aka yi salati. Wani ya ce dama an daɗe ana faɗa, mutum ya tsufa yana kwana da karnuka. Wani ya ce ka ji mutumin kirki, yana mutuwa yana rufa wa maƙwabci asiri. Waɗanda suka san inda Tozali yake kwana, kuma suna da yawa a sahun nan, ba wanda ya ɗaga kai. Labarin ya yi wa kowa daidai.

Da safe mai gari ya aiko: karnukan gidan Kabo kada su kai azahar. Samari suka zo da kulake suka cika ƙofar gida. Kabo ya nuna musu jar igiyar da ke wuyan kowanne, ya ce waɗannan an yi musu, suna cikin littafi. Wani ya ce wancan ma ai daga cikinsu ya fito. Suka tsaya cirko-cirko, kowa na tsoron matsawa, don ba wanda ya iya kama kare a cikinsu. A ƙarshe shi aka ce ya riƙe. Ya ga in bai riƙe ba za a yi ta jifa ne ana karairaya su har yamma. Ya fita da su bayan gari. Ya matse kai a hammata, ya danne ƙugu da gwiwa. Suka tsaya masa cik, har tsohuwar karyar, don wancan karon da ya riƙe su haka allura ce kawai.

Samarin ba su koma gida ba. Jini ya riga ya hau. Suka bi gari lungu-lungu, kuma karnukan da suka samu su ne masu jar igiya, don su ne na gida, su ne ba sa gudun mutum. Marasa igiya, 'yan juji da 'yan burtali, tun ihun farko suka shige daji.

Ladan Sha'aban ya cika a kwana na biyar, da walaha, Abbas bai daɗe da gwada sabon batirin lasifika ba. Da aka zo wanka sai kowa ya tuna yana da uzuri. An ce yawun gawar ma yana kamawa. Liman ya duba ya duba, bai ga kowa ba sai mutumin da gari ya daina ba wa hannu. Kabo ya ɗaura leda a hannuwansa biyu, Liman yana zubawa daga nesa yana wankewa. Da aka zo fuska Kabo ya ce a zuba a hankali. Ruwan ya gangara ta goshi, ya bi gefen hanci, ya taru a leɓe. Wuyan bai motsa ba.

A maƙabarta Abbas ya yi 'yar nasiha. Ya ce a duba bawan Allah, duk rayuwarsa yana gudun najasa yana gargaɗi a kanta, sai ga ta ta haura masa katanga. Ya ce a kula da irin maƙwabcin da ake zama da shi. Kabo yana bayan jama'a, da laka a gwiwa, shi ya haƙa rabin kabarin.

Ran sadakar uku Malam Badaru ya zo a babur, likitan ne ya sanar da ofishinsu. Ya zaga gari bai ga kare ko ɗaya ba. Ya sami Kabo a zaure, ya buɗe littafinsa a cinya.

"Baba Kabo, hamsin da takwas muka yi a garin nan, kai ka riƙe su duka. Naka uku ne, ga su. Na tambaye ka ko akwai saura ka ce babu."

"Akwai na huɗu."

"Me ya sa?"

"Mantuwa."

Badaru ya cire tabarau ya goge. Ba yaro ba ne, ya yi aikin ƙauye ya san yadda ake. Ya dubi katangar da ke tsakanin gidajen biyu, ya dubi Kabo, ya rufe littafin.

"Kun kashe katangarku da hannunku," ya ce. "Waɗanda aka yi wa allurar su ne ke tare muku na daji. Kafin damina wasu za su cika gurbin, ba wanda ya san inda suka fito. Sai mu sake daga farko." Ya miƙe. "In mun dawo za ka riƙe mana?"

"In sun bar ni na taɓa."

Hadiyya ta ci gaba da zuwa Daura a ranakun da aka yanka mata, cikin takaba, Liman ya ce larura ce. Adama ke raka ta. Kowace safiya in Adama ta dawo daga leƙa ta, tambaya ɗaya Kabo yake yi, kafin ya taɓa koko.

"Ta sha ruwa?"

"Ta sha."

Aka yi bakwai, aka yi arba'in. Mai shayi ya ware wa Kabo kofinsa daban. A masallaci akan bar ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da ta na kusa da shi. Tambayarsa dai yake yi, ana ba shi amsa.

Wata ranar Laraba da yamma, zafi ya ɗan sauka, yana zaune a tsakar gida yana gyaran ƙotar fartanya, sai ya ji motsi a kan katanga, daidai inda ya taɓa miƙa buhun taki. Hannun mace ne, ba a ganin fuska. Ta ɗora wani abu a kan katangar ta riƙe shi har ya taso ya karɓa. Kaskon Tozali ne, da ɗan ɓalli a baki.

"Na wanke shi," in ji Hadiyya daga can. Ya ji takunta ta koma ciki.

Kabo ya jujjuya kaskon. An goge shi da ƙasa har ya yi fari. Ya duba tsakar gidan, ba abin da zai ci a ciki. Jajayen igiyoyi uku suna rataye a ƙusa, jikin rumbu. Ya kai kaskon ƙarƙashinsu ya ajiye, ya ɗebo ruwa a randa ya cika shi, ya koma kan fartanyarsa.

Can an jima kurciya biyu suka sauko daga kan rumbun. Ɗaya ta tsaya a bakin kaskon tana sha, tana ɗaga kai, tana sha.